Zare Kaɗan Mai Ceton Sandar Fatsa

Duk wanda ya taɓa zama bakin ruwa da fatsa ya san wannan labari. Mutum ya yi sammako, ya haƙa tana, ya sa a ƙugiya, ya jefa. Har rana ta ɗaga bai sami kome ba sai 'yan ƙananan karfasa. Can sai totuwa ta nutse gaba ɗaya, sanda ta lanƙwashe, ya tabbata babbar tarwaɗa ce. Ya yunƙura zai ɗaga, sai ya ji ƙas! Sanda ta tsage daidai wurin da aka haɗa ta. Rabi na hannunsa, rabi ya bi kifi cikin ruwa, da igiya da ƙugiya da dalma duka. Ya koma gida hannu rabbana, uwargida kuwa ta riga ta jajjaga kayan miya.

'Yan'uwa manoma, wannan hasara ba tilas ba ce. Maganinta zare ne wanda bai kai rabin ƙwarya ɗaya ba, da ɗan gam, da haƙurin yini guda. A wannan fitowa za mu duba abin da ke sa mahaɗin sanda ya tsage, da yadda za a naɗe shi da zare don ya daɗe. Mun ɗauki misali daga Daddara da ƙasar Jibiya, amma aikin ɗaya ne ko'ina akwai tafki ko madatsar ruwa.

Ruwan da ke kusa

Daddara tana kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, watau hanyar da ta wuce ta Magama ta shiga ƙasar Nijar, ta bi Ɗan Isa har Maraɗi. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da wake da gyaɗa. Kogin Gada ya bi ta nan, amma 'yan watannin damina kaɗai ya ke gudu. In ya ƙetare iyaka sai a kira shi Gulbin Maraɗi, daga baya ya sāke komowa Nijeriya ya haɗu da Rima.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka datse wannan kogi aka yi madatsar ruwa ta Jibiya, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawon bangonta ya fi kilomita 3 da rabi, an kuwa tsara ta don ta riƙe ruwa wajen mita miliyan 142 na awon ciki. Domin noman rani da ruwan sha aka gina ta, amma inda ruwa ya zauna kifi ya kan zauna. Ga karfasa, ga tarwaɗa. A hayin iyaka kuma, kudu da Maraɗi, ga tafkin Madarunfa wanda aka daɗe da saninsa da kifi.

Mutanen wannan yanki sun sha wuya a shekarun baya. An rufe iyaka daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sāke rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a watan Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen. Kowane lokaci masu dako da 'yan tireda da masu abin hawa sun rasa abin yi. Rashin tsaro kuma ya hana mutane da yawa noma gonakinsu na nesa. A irin wannan hali, magidancin da zai iya kawo kifi gida sau biyu ko uku a mako ya taimaki iyalinsa ƙwarai. Yara suna bukatar abinci mai gina jiki, nama kuwa ba kullum a ke iya sayensa ba.

Manomi ba masunci ba ne. Ba shi da jirgi, ba shi da taru ko birgi. Abin da ya dace da shi fatsa ce: sanda, da igiya, da ƙugiya.

Don me za a raba sanda biyu?

Wani zai ce, in mahaɗi ne ke kawo matsala, a bar sandar guda ɗaya mana. Gaskiya ne, sanda guda ta fi ƙarfi. Amma akwai dalili biyu da ke sa a raba ta.

Na fari, tsawo. Sanda gajera ta kan tilasta wa mutum shiga ruwa don ƙugiyarsa ta kai inda kifi ya ke. Ruwan da ba ya gudu, mai ciyayi a gefe, nan ne mazaunin 'yan ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya. Ƙwayar cutar ta kan fito daga jikin katantanwa ta huda fatar mutum ta shiga, ba sai ya sha ruwan ba. Bayan 'yan makonni ko watanni sai a ga jini a fitsari. Bayan wannan, bakin madatsa ya kan yi laka da zurfin ba-zata, yara da yawa kuma ba su iya iyo ba. Sanda mai tsawon mita 4 ta kan bar mutum a kan tudu, ƙafarsa a bushe.

Na biyu, tafiya. Sanda mai mita 4 ba ta ɗaukuwa a keke ko babur sai da wahala, direban mota kuwa ba zai yarda da ita ba. In an raba ta biyu, kowane ɓangare ya zama mita 2 da ɗan kai, sai a ɗaure a jikin keke. In an raba uku, ta fi haka sauƙi. To, ashe mahaɗi ya zama dole. Abin da ya rage shi ne a yi shi da kyau.

Abin da ke tsaga mahaɗi

Bari mu ba kowane ɓangare suna don mu fahimci juna. Bakin gindin sanda, wanda aka rarake, mu kira shi kube, kamar kuben wuƙa. Ƙarshen ɓangaren sama, wanda ke shiga ciki, mu kira shi harshe.

Ku ɗauki guntun gora ku duba. Jijiyoyinta duka a tsaye su ke, daga gindi zuwa kai. Babu wadda ta kewaye ta sai a gaɓa. Shi ya sa karya gora ke da wuya, amma tsaga ta da wuƙa yaro ma ya iya. Sa'ad da kifi ya ja, harshe ya kan zama kamar ƙarfen ɓanɓare ƙusa a cikin kube. Yana danna bakin kube ta gefe guda, ƙarshensa kuma yana danna ciki ta ɗaya gefen. Ƙoƙarinsa shi ne ya buɗe kuben, ta wajen da gora ba ta da ƙarfi ke nan.

Ga ɗan lissafi. A ce daga kan sanda zuwa mahaɗi mita 2 ne, watau santimita 200, harshe kuma ya shiga kube santimita 10. In an raba 200 da 10 za a sami 20. Ma'ana, kowane kilo ɗaya da ya rataya a kan sanda zai iya zama kilo 20 a bakin kube. Tarwaɗa mai kilo 2 ta zama kilo 40, kusan nauyin buhun takin zamani, duka a kan ɗan bakin gora. Lanƙwasawar sanda ta kan rage wannan nauyi, amma fizgar kifi ta kan ƙara shi. In kuwa harshen santimita 5 kurum ya shiga, nauyin ya ninka ya zama kilo 80. Kun ga dalilin da ya sa gajeren mahaɗi ba ya ƙarko.

Yanayin ƙasarmu ma yana taimakon tsagewa. Gora ta jiƙe a bakin ruwa ta kumbura, sa'an nan iskar hunturu ta busar da ita ta tsuke. Yau kumburi, gobe tsukewa, har ɗan tsagi kamar gashi ya fito a bakin kube. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Aikin zare shi ne ya ba gora abin da ba ta da shi, watau jijiya mai kewayewa. Zagaye ɗaya ba kome ba ne. Zagaye 200 a jere, manne da juna, sun zama kamar tsintsiya a ɗaure.

Ba baƙon abu ba ne

Kakanninmu sun san wannan dabara. Mai yin kibiya ba ya cusa ƙarfe cikin kyauro sai ya naɗe bakin kyauron da jijiya, domin ya san in bai yi haka ba, ran da kibiya ta bugi abu ƙarfen zai tsaga kyauron ya shige. Ku tambayi kowane tsohon maharbi a garinku, zai nuna muku.

A ƙasar Japan akwai masu sana'ar yin sandar fatsa ta gora mai ɓangarori da yawa, sun fi shekara 200 suna yi. Su kan naɗe bakin kowane kube da zaren siliki, su shafe da wani irin danƙon itace sau da yawa, sa'an nan su rarake cikin. A Ingila da Amurka kuma, masu yin sandar gora su kan sa mahaɗin ƙarfe, su tsattsaga gefen ƙarfen kamar haƙora, su naɗe haƙoran da siliki. Har sandunan kamfani na zamani, na zaren gilashi, in kun duba bakin kubensu za ku ga naɗin zare a ƙarƙashin man ƙyalli. Ba don ado aka sa shi ba.

Kayan da za a nema

1. Gora busasshiya. Mai kauri kamar babban yatsan ƙafa don gindi, siririya don kai. Gora ba ta cika fitowa a ƙasar Jibiya ba, daga kudu a ke kawo ta, saboda haka a zaɓa da kyau a wurin masu sayarwa. A nemi wadda ta ƙosa, ba ɗanya ba, wadda ba ta da ƙananan ramukan ƙwaro, ba ta kuma zubar da gari in an buga ta a ƙasa. In ba a sami siririyar gora ba, miƙaƙƙiyar tsumagiyar geza da ta bushe a inuwa ta yi kan sanda.

2. Zare. Wanda ya fi shi ne zaren nailan na ɗinkin koma, siriri, irin wanda a kan rubuta 210/6 ko 210/9 a jikin ƙwaryarsa. Zaren masu gyaran takalma ma ya yi, amma in za a shafa gam a nemi wanda ba a sa masa kaki ba, gama kaki ya kan hana gam kamawa. Zaren auduga ya kan ruɓe in ruwa ya shige shi.

3. Gam mai bututu biyu wanda a ke gaurayawa, irin su Araldite. A nemi mai jinkirin bushewa, ya fi mai saurin kamawa shiga cikin zare.

4. Zarto mai ƙananan haƙora, reza sabuwa, samfefa, zagayayyen magagari in akwai, guntun kyandir, ɗan gawayi, kwali, da tsohon littafi mai kauri.

Ga abubuwan da ba za su yi ba. Robar tayar keke, wadda mu kan ɗaure kome da ita, tana miƙewa, saboda haka ba ta hana tsagewa, rana kuma na cinye ta. Waya tana tsatsa, tana kuma yanka gora. Ƙaro narkewa ya ke yi a ruwa. Farin gam na kafinta ya kan yi laushi in ya jiƙe. Gam ɗin nan mai kamawa nan take, in ya taɓa auduga ya kan yi zafi har ya ƙone yatsa, in ya bushe kuma ya kan farfashe.

Shirya gora

In gorar ta karkace, a gasa wurin a bisa garwashi, ana jujjuyawa har ta yi zafi amma ba ta ƙone ba, a miƙe ta a hankali a gwiwa, a riƙe har ta huce.

Sai yankan wurin kube. A nemi gaɓa, a auna santimita 11 ko 12 sama da ita, a yanke a nan. Da haka gaɓar ta zama ƙasan kube, ita ce za ta riƙe wancan gefen. A yi yankan da zarto, ana juya gorar, kada a sare da adda. A goge bakin da samfefa har ya yi sumul.

Fatar gora tana da santsi, gam ba ya kama ta. A kankare ƙyallin kaɗai da reza, daga baki zuwa ɗan gaba da gaɓa. Kada a zurfafa, gama jijiyoyin da suka fi ƙarfi suna nan dab da fata.

Yanzu ga babbar doka, wadda in an karya ta sauran aikin banza ne: a yi naɗi tukuna, kāna a rarake kube. Kada a cusa harshe cikin kuben da ba a naɗe ba, ko da don gwaji ne. Sanduna da yawa a hannun mai yinsu su ke fara tsagewa, bai kuwa sani ba.

Yadda a ke naɗin

A yanka kwali a yi masa gurbi biyu kamar bakin gwafa, a ɗora gorar a kai yadda za ta juya da sauƙi. A sa ƙwaryar zare cikin kwano a bayan littafin nan mai kauri, a ratsa zaren ta tsakiyar shafuna, a ɗora dutse a bisa littafin. Nauyin dutsen shi ne zai riƙe zaren da ƙarfi ɗaya daga fari har ƙarshe. Gora a ke juyawa, ba zare a ke kewayawa da shi ba.

1. A fara daga wajen gaɓa, kamar santimita 1 a bayanta, a nufi baki.

2. A kwantar da bakin zare a jikin gora, tsawon gaɓar yatsa, yana duban bakin kube. A juya gorar yadda zaren zai hau kan wannan wutsiya. Bayan zagaye 6 ya kama kansa. A yanke ragowar wutsiyar da reza. Ba a ƙulli ko kaɗan, ƙulli ya kan bar tudu inda ruwa zai shiga.

3. A ci gaba da juyawa. Kowane zagaye ya kwanta jikin ɗan'uwansa, kada ya hau shi, kada kuma ya bar rata. Bayan kowane zagaye 10 a tura su da farce su matsu. In ana hangen gora ta tsakanin zare, a warware a sāke.

4. Ƙarfin ja ya zama daidai. In farce na iya ture naɗin da sauƙi, ya yi sako-sako. In zaren na nutsewa cikin gora ko yana neman tsinkewa, ya yi yawa.

5. Sa'ad da ya rage kamar zagaye 8 a kai baki, a yanko wani guntun zare, a ninka shi biyu ya zama maɗauki, a kwantar da shi a jikin gora, kan maɗaukin yana leƙe ta wajen baki. A ci gaba da naɗi a bisansa.

6. A tsaya sa'ad da ya rage kamar kaurin ƙwayar gero biyu a kai baki. A danne zaren da babban yatsa, a yanke shi da sauran tsawo, a zura bakinsa cikin maɗaukin. Sai a ja wutsiyoyin maɗaukin baya. Zai jawo bakin zaren ta ƙarƙashin naɗin ya fito da shi. A ja shi ya yi tauri, a yanke da reza dab da naɗi.

7. A murza naɗin duka da bayan cokali don ya kwanta.

Don ku san yawan zaren da za ku tanada: in faɗin gora santimita 2 ne, zagaye ɗaya ya kan ci santimita 6 da 'yan kai. In kaurin zaren rabin milimita ne, zagaye 20 ke cika santimita ɗaya. Naɗi mai santimita 12 zai ci zagaye 240, watau zare wajen mita 15. Ƙwarya ɗaya za ta yi sanduna da yawa.

Wanda ya ke so ya ƙara ƙarfi ya iya sāke hawa na biyu a kan santimita 3 na wajen baki, gama nan ne nauyi ya fi taruwa.

Shafe da gam

A matso gam daga bututun nan biyu daidai wa daida, a gauraya sosai da tsinke kamar minti 2. In ɗaya ya fi ɗaya yawa, zai zauna da danƙo ba zai bushe ba. A shafa a kan naɗin, ana dannawa don ya shiga tsakanin zare, ya kuma ɗan wuce naɗin ta kowane gefe ya rufe hanyar ruwa. Siririn shafi ya isa. Kada ya shiga cikin kube.

Gam ya kan gangara ya taru a ƙasa. Saboda haka a bar gorar a kwance bisa kwali, a riƙa juya ta kowane minti kaɗan har ya daina motsi. A yi aikin cikin ɗaki inda ƙura ba ta shiga, musamman da hunturu. A bar shi kwana ɗaya cur. A wanke hannu da sabulu, a kuma kawar da gam daga inda yara za su kai.

Inda ba a sami irin wannan gam ba, a ja zaren ta cikin kakin zuma kafin naɗi, a kuma goga kaki a bisa bayan an gama. Zai yi aiki, sai dai a sāke shi kowace shekara.

Rarake kube da gyaran harshe

Bayan gam ya bushe sai a gyara cikin kube da zagayayyen magagari, ko da samfefa da aka naɗa a jikin siririn itace. Kada a yi da ƙarfe mai zafi, ƙuna na raunana gora. A bar wa bangon kube kauri, kada ya gaza milimita 3.

In harshen gora ne mai rami, a fiƙe busasshen itace a cusa ciki da gam, tsawon santimita 15, don kada ya murƙushe. Sai a goge harshen ya ɗan tsuke wajen ƙarshe kaɗan kurum. A shafa masa gawayi, a zura a hankali, a ɗan murɗa, a zaro. Inda gawayin ya goge, nan ne ke tokarewa, nan za a ƙara gogewa. A yi ta haka har harshen ya shiga santimita 10, yana taɓa bango ko'ina, ba ya girgiza. A bar ɗan sarari tsakanin ƙarshensa da ƙasan kube, domin da amfani zai ci ya ƙara shiga. Sannu ba ta hana zuwa. In an gaggauta aka goge fiye da kima, ba a iya mayarwa.

Daga nan a yi wani ɗan naɗi na santimita 2 ko 3 a jikin ɓangaren sama, daidai inda harshe ya ƙare. A kan sanda kuma a ninka igiya mai ƙarfi a naɗe wutsiyoyinta da zare ta zama ɗan zobe. A nan za a riƙa ɗaura igiyar fatsa, ba sai an yi wa kan sanda tsagi ba.

In da bututun ƙarfe za a haɗa

Waɗansu sun fi son su haɗa da guntun bututu, na tsohon famfon keke, ko na eriya, ko sandar lema. Ƙarfe ba ya tsagewa, amma yana da nasa aibi. Shi ba ya lanƙwasa, itace kuwa yana lanƙwasa, sai bakin ƙarfen ya riƙa cin itacen har ya karye daidai wurin. Maganinsa shi ne a yi wa gefen bututun da zai zauna a jikin gindi tsagi 4 ko 6 da zarto, zurfin santimita 1 da rabi, a goge haƙoran da magagari su yi fele-fele. A manna bututun da gam, sa'an nan a naɗe tun daga jikin itace, a hau kan haƙoran, a wuce ƙarshen tsagin. Da haka nauyi zai bi a hankali daga itace zuwa ƙarfe. A goge ɗaya bakin bututun ma, kada a bar masa kaifi.

Sandar kanti

Wanda ya ke da sandar kamfani mai shiga cikin juna, ya duba bakin kowane ɓangare a hasken rana. In ya ga tsagi, ya daina aiki da ita sai ya gyara. A ɗiga ɗan gam cikin tsagin, a share wanda ya ɓulla ta ciki, a naɗe da siririn zare tun daga gaba da ƙarshen tsagin har baki. Bangon irin wannan sanda ba shi da kauri, don haka kada a ja zaren da ƙarfi har bakin ya tsuke.

Kula da sanda

A goga kyandir a jikin harshe lokaci lokaci. Yana hana cijewa, yana kuma hana ruwa shiga. Kafin a haɗa a share yashi, gama ƙasarmu ta yashi ce, ƙwaya ɗaya kuwa a cikin kube aikin samfefa ta ke yi. A zura a ɗan murɗa. Wajen cirewa a riƙe dab da mahaɗi a ja a miƙe, kada a girgiza. Ana cikin kamu a riƙa duba ko ya saki, domin sakakken mahaɗi shi ne ke tsagewa.

Babban kifi ba a ɗaga shi sama da sanda. A bar shi ya gaji, a jawo shi gefe, a kama da hannu ko ɗan koma, a yi hankali da ƙayar tarwaɗa. In ƙugiya ta maƙale a itace, a miƙe sanda a ja igiyar da hannu. In an komo gida a raba sandar, a shanya a inuwa, a rataye a ɗaki inda gara ba za ta kai ba.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Mutum ɗaya ba ya bukatar ƙwaryar zare guda da gam guda don sanda ɗaya. In ƙungiya ta saya daga asusunta, mutum 10 za su amfana, kowa ya biya ɗan abin da ya ci. A sa rana bayan an gama girbi, a kira wani dattijo da ya san ɗaurin kibiya, a tara matasa. Magatakarda ya rubuta ranar da aka yi kowace sanda, da irin zaren, da irin shafin. Bayan shekara a duba wacce ta fi ƙarko. Mata kuwa su san yadda za a yi bandar abin da ya ragu.

Kafin a fara zuwa ruwa, shugabannin ƙungiya su je su gai da Sarkin Ruwa, su ji ka'idar wurin, su kuma tambayi ma'aikatan kifi na hukuma ko akwai izinin da a ke bukata. Ruwa yana da masu shi, masunta kuwa da shi su ke ci da iyalinsu. A tafi a ƙungiya, da rana, a komo kafin magariba. Yaro kada ya je shi kaɗai. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, tsargiya tana da magani.

A mai da ƙananan kifi cikin ruwa. Macen karfasa a bakinta ta ke renon ƙwai da 'ya'yanta, in kun kama mai cike da baki ku sake ta, kifin baɗi ke nan. Zuba guba irin su Gamalin cikin ruwa kuwa, dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana shi, tare da nakiya da lantarki. Ruwan nan shi mutane da dabbobi ke sha.

To, 'yan'uwa, ga aiki nan. Ku gwada da sanda ɗaya tukuna, ku ɗaura mata gwangwani mai cike da yashi kilo ɗaya ku ɗaga a hankali a tsakar gida, ku sa kunne a mahaɗi. In ba ku ji ƙara ba, ku tafi ruwa da ita. Ƙungiyar da ta gwada ta rubuto mana abin da ta gani, ko daɗi ko akasinsa, don sauran 'yan'uwa su ƙaru.